Darasin Juma'a: Aikin Hukuma Ba Ya Ɗorewa Sai Da Hannun Mutanen Unguwa

  

Damina ta kankama. Duk wanda ya shekara biyu ko uku a Suleja ya san abin da hakan ke nufi. Gari ne da ke gindin duwatsu, in aka yi ruwa mai ƙarfi sai ya gangaro da gudu yana neman hanyarsa ta zuwa kogin Iku. In ya tarar da kwata a buɗe ya wuce salin-alin. In kuwa ya tarar da ita cike da leda da robobi da yashi, to sai ya nemi wata hanyar, kuma sau da yawa hanyar nan ta cikin shagon wani ce ko ɗakin iyalinsa. Gari na wayewa sai ka ji ana cewa, "Gwamnati ba ta yi mana komai ba." Su kuma ma'aikatan hukuma in ka zauna da su, abin da za su ce maka shi ne, "Mun gina, mutane suka toshe."

Kowane ɓangare yana da tasa gaskiyar, amma dai buhun shinkafar da ya jiƙe ya riga ya jiƙe. Shi ya sa darasinmu na wannan mako zai tsaya a kan tambaya ɗaya: ta yaya hukuma da mutanen unguwa za su haɗa hannu a yi aikin da zai ɗore, kuma ina namu kason a ciki, mu da neman halal ya kawo mu garin nan?

Abin da muke karantawa duk Juma'a

Da yawanmu mun karanta Suratul Kahfi yau da safe. A wajen ƙarshenta, daga aya ta 83 zuwa ta 98, akwai labarin Zulƙarnaini, sarkin da Allah Ya ba shi iko da kayan aiki. A tafiyarsa ta uku ya iske wasu mutane a tsakanin duwatsu biyu, waɗanda da ƙyar ake fahimtar juna da su, suna fama da ɓarnar Yajuju da Majuju. Mu duba yadda aka gudanar da wannan aiki, domin akwai tsari a cikinsa.

Mutanen ne da kansu suka kai kuka, duk da wahalar harshe. Ba su tsaya a kan kukan kawai ba, sun faɗi abin da suke so a yi musu, wato katangar da za ta raba su da masu ɓarna, har suka yi tayin biyan lada. Shi kuma Zulƙarnaini bai karɓi dukiyarsu ba, domin abin da Allah Ya hore masa ya ishe shi. Amma fa bai ce su koma inuwa su zauna su yi kallo ba. Ƙarfinsu ya nema. Su suka ɗebo guntayen ƙarfe, su suka hura wuta, sannan aka kwarara narkakkiyar tagulla a kai. An yi aikin da kaya masu nagarta, har ya gagari hawa ya gagari hudawa. Da aka gama, sarkin bai yi alfahari ba, ya mayar da abin ga rahamar Ubangijinsa.

Kun ga a nan shugaba ya kawo ilimi da tsari da amana, jama'a sun kawo buƙatarsu a fayyace da kuma guminsu. Da ɗaya ya janye, da katangar ba ta tashi ba.

Haka kuma aka yi a Madina a shekara ta biyar bayan hijira, lokacin yaƙin Khandaƙ. Wanda ya kawo shawarar a haƙa ramin shi ne Salmanul Farisi (RA), mutumin Farisa, baƙo daga ƙasa mai nisa. Ba a ce masa ya yi shiru tunda ba ɗan gari ba ne, shi ma bai ce ba ruwansa ba. Malaman sira sun ambaci cewa an raba aikin, kowane mutum goma aka ba su zira'i arba'in, Muhajirai da Ansaru kafaɗa da kafaɗa, Manzon Allah (SAW) da kansa yana ɗibar ƙasa.

"Ai mu baƙi ne"

Wannan ita ce maganar da ta fi cutar da mu. Wani ya zo daga Kano, wani Katsina, wani Sakkwato ko Gusau, wani ma daga Maraɗi. Ya shekara ashirin a Suleja, a nan ya yi aure, a nan 'ya'yansa ke makaranta, a nan jarinsa yake, amma in aka kira taron unguwa sai ya ce, "Ni kasuwa ta kawo ni." Yana ta gini a gida, wanda bai fi ya kwana goma a cikinsa a shekara ba, kwatar ƙofar gidan da yake kwana kullum kuwa ko kallo ba ta ishe shi ba.

To mu tuna tarihin garin da muke zaune. Sarautar nan ta Sarkin Zazzau Suleja ta samo asali ne daga mutanen da suka baro Zariya a farkon ƙarni na 19, lokacin jihadi, ƙarƙashin Sarki Muhammadu Makau. Bayan rasuwarsa, ɗan uwansa Abu Ja ya kafa garin a 1828, a ƙasar da Gwarawa da Koro suke zaune tun da daɗewa, aka kira shi Abuja. A watan Fabrairun 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta yi dokar kafa sabon babban birnin tarayya, aka ɗauki sunan Abuja aka ba shi, tsohon garin kuma ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Tun daga lokacin ake ta kwararowa. Ma'aikatan da suka gina birnin da yawansu a nan suka fara sauka. Da gwamnati ta tare a Abuja a watan Disambar 1991 aka ƙaru, sannan rusau ɗin da aka yi a birnin tsakanin 2003 da 2007 ya sake turo wasu dubbai zuwa Suleja da Madalla da kewaye.

Ashe ke nan gari ne da hijira ta kafa shi, zuwan baƙi kuma ya cika shi. Sai dai jama'a sun ninka, magudanan ruwa da fanfuna da wuraren zubar da shara ba su ninka ba. Wannan ita ce ainihin matsalar, kuma mu ma muna cikin waɗanda suka ƙara wa garin nauyi, don haka adalci ne mu shiga cikin masu ɗauka.

Shi ruwa ba ya tambayar takardar asalin ƙaramar hukuma. A watan Yulin 2017 ambaliya ta afka wa Suleja bayan ruwan dare, gidaje suka rushe, aka rasa rayuka, wasu ruwa ya tafi da su. A ƙarshen watan Mayun 2025 kuma aka yi ta Mokwa, a nan jiharmu ta Neja, inda sama da mutum 150 suka rasu, kuma cikin unguwannin da abin ya fi shafa har da Unguwar Hausawa. Allah Ya jiƙansu da rahama. Sau da yawa baƙo ne ke sayen fili mai araha a bakin rafi ko a kwari, domin bai san tarihin wurin ba, bai kuma tambayi dattawan da suka sani ba.

Gwaji biyu da aka yi a jihar Neja

Haɗin gwiwa tsakanin hukuma da jama'a ba sabon abu ba ne a jihar nan. Ga misalai biyu da ya kamata mu sani.

Na farko shi ne shirin CSDP, wato shirin raya al'umma da walwalar jama'a, wanda gwamnatin tarayya ta fara a 2009 da tallafin Bankin Duniya, jihar Neja kuma ta kafa hukumarta ta gudanar da shi. Tsarin da ya bi a lokacin da yake aiki ya bambanta da kwangilar da muka saba gani. Mutanen gari ne za su rubuta takardar neman shiga. Jami'ai su zo a yi taron gari, jama'a su jera matsalolinsu su zaɓi wadda ta fi damunsu, ko ruwa, ko ajin makaranta, ko ɗakin shan magani, ko kwalbati. Sai su zaɓi kwamitin gudanar da aiki daga cikinsu, da mata a ciki, a buɗe asusun banki. Jama'a su kawo kashi 10 cikin ɗari na kuɗin aikin, ko tsabar kuɗi, ko yashi da dutse, ko aikin ƙarfi, hukuma ta cika sauran. Kuɗin ba a sakinsu gaba ɗaya, kashi-kashi ake bayarwa, sai an ga abin da aka yi da na farko kafin a saki na biyu.

Me ya sa aka dage kan wannan kashi 10, alhali Bankin Duniya ba zai gaza biyansa ba? Saboda mutumin da ya ɗebo yashi da kansa ba zai zuba ido yaro yana fasa fanfon ba. Abin da ka sa wa gumi, naka ne.

Na biyu shi ne shirin raya mazaɓu na zamanin Gwamna Mu'azu Babangida Aliyu, Talban Minna, wanda ya yi mulki daga 2007 zuwa 2015. Jihar Neja tana da ƙananan hukumomi 25 da mazaɓu 274. Aka riƙa ware wa kowace mazaɓa kuɗi wata-wata, da farko naira 500,000, daga baya aka mayar miliyan ɗaya, kwamitin mutanen mazaɓar ya zaɓi ƙananan ayyukan da za a yi. Hikimar a bayyane take, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma irin wannan shiri alherinsa yana rataye ne a wuyan waɗanda suka halarci zaman. Unguwar da ba ta da wakili a wurin, ba wanda zai tuna da kwatarta.

Gwamnatoci suna sauyawa, shirye-shirye suna canza suna. Abin da ba ya canzawa shi ne, duk shirin da ya zo, mutanen da ya tarar a shirye su ke fara cin moriyarsa: masu ƙungiya mai rajista, da asusu, da littafin taro, da buƙata a rubuce.

Abin da ke kashe aiki

Kowa a cikinmu zai iya nuna rijiyar burtsatse guda da aka buɗe da biki, aka yanka kirtani, aka ɗauki hoto, yau ga tankin nan a tsaye ba ɗigon ruwa. In ka bincika, ba wata babbar matsala ba ce. Injin da ke turo ruwa ne ya ƙone, ko an sace waya, ko wani bututu ya fashe. Wanda ya gina ya tafi. Hukuma ta ce ta miƙa wa jama'a. Jama'a suka ce na gwamnati ne. Aka koma sayen ruwa wajen 'yan garuwa, kuma in aka tara abin da unguwar ke kashewa a wata biyu, ya isa a yi gyaran.

Abin da ake kira ci gaba mai ɗorewa ba wani boyayyen ilimi ba ne. Ma'anarsa a taƙaice, tun kafin a aza harsashi a san wa zai riƙe mabuɗi, wa zai tara kuɗin gyara, a ina za a ajiye su, wa za a kira in abu ya lalace. Mu ɗauki misali: gida 100, kowane ya ba da naira 500 a wata, an sami naira 50,000, a shekara 600,000. Mu 'yan kasuwa ne, mun san adashi, mun san littafin bashi. Wanda ya iya riƙe lissafin shago ba zai kasa riƙe na rijiya ba.

Musulunci ya daɗe da irin wannan tsari, shi ne abin da ake kira waƙafi. Sayyidina Usman bin Affan (RA) ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar wa jama'a, har yau an san wurin. Sadaka mai gudana ai sai tana gudana. Mai gyara fanfon da ya mutu yana da rabo a ladar kowane kofi da aka sha, ko da ba sunansa a jikin allon.

"Ba muna biyan haraji ba?"

Wani ɗan uwa zai ce, "Malam, kullum sai na yanki tikiti a kasuwa, ga kuɗin shago, ga kuɗin shara, me zai sa in sake cire kuɗi?" Wannan magana tana kan hanya, kuma ba muna cewa a yafe wa hukuma nauyinta ba ne. Jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙaramar hukuma kula da kasuwanni da tashoshin mota, da magudanan ruwa da titunan cikin gari, da kwashe shara, da ban-ɗakunan jama'a, da mahauta, da maƙabartu. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya. Saboda haka tambayar inda kuɗi suka shiga haƙƙinmu ce.

Amma tambaya tana da ladabi, tana kuma da makami. Makaminta shi ne rasit. Duk abin da muka biya mu karɓi rasit mu adana. Ƙungiyar 'yan kasuwar da ta je sakatariya da rasitan shekara guda a hannu, da hoton kwatar da ta yashe da kanta, tana neman motar da za ta kwashe abin da aka fitar, ba daidai take da mutum ɗaya da ya je yana faɗa ba.

Sannan mu faɗa wa kanmu gaskiya. Wa ya shimfiɗa katako a kan kwata ya ƙara faɗin shago? Wa ke aiken yaro ya juye shara a lambatu da zarar hadari ya haɗu? Ledar ruwan da muke sayarwa, ina take ƙarewa? Manzon Allah (SAW) ya sanya kawar da abin cutarwa daga hanya cikin rassan imani. To ina matsayin mai zuba shi?

Akwai kuma batun katin zaɓe. Da yawanmu rajistarmu tana can gida, lokacin zaɓe sai mu cika mota mu tafi. Kansilan mazaɓar da muke zaune ya san da haka, ya san ba mu da ƙuri'ar da za ta ɗaga shi ko ta kayar da shi. Hukumar zaɓe ta INEC tana ba da damar mutum ya mayar da rajistarsa inda yake zaune a lokacin da aka buɗe rajista. Kowa ya yi wa kansa lissafi, a ina 'ya'yansa ke shan ruwa?

Kowace buƙata da ƙofarta

Wani lokaci ba ƙin ji ake yi ba, mu ne muke kai kuka inda ba nan ba ne. Matakin farko a kullum shi ne mai unguwa, daga shi sai dagaci da hakimi, har zuwa fadar Mai Martaba Sarkin Zazzau Suleja, Alhaji Muhammad Awwal Ibrahim, wanda shi kansa ya taɓa zama gwamnan jihar nan daga 1979 zuwa 1983. Takardar da ta bi ta hannun masu sarauta ta fi nauyi, kuma alama ce ta girmama masu masaukinmu. Batun kwata da kasuwa da ƙananan hanyoyi na kansila ne da ƙaramar hukuma. Shara da tsaftar muhalli akwai hukumar NISEPA ta jiha, da duba-gari na ƙaramar hukuma. In iftila'i ya auku, NSEMA ce ta jiha, NEMA ta tarayya. Kafin damina kuma hukumar NiMet tana fitar da hasashen yanayi na shekara, NIHSA tana fitar da jerin wuraren da ake fargabar ambaliya, ana kuma faɗa a rediyo. Kafin a sayi fili ko a sa bulo, a nemi izinin gini daga hukumar tsara birane ta jiha, a kuma tambayi tsofaffin unguwa inda ruwa ke bi.

Daga ina za mu fara?

Shawarar da muke gabatar wa jama'ar wannan masallaci ita ce kamar haka.

Na ɗaya, a kafa ƙaramin kwamiti na mutum bakwai ko tara, a sa dattijo, da matashi mai ilimin rubuta takarda, da wakilin 'yan kasuwa, da mata biyu daga Islamiyya. Iyayenmu mata su suka san wace rijiya ce ke ƙafewa a watan Maris, su suka san inda sauro ke kwana.

Na biyu, kada mu yi abin mu kaɗai. A gayyaci maƙwabta, Gwarawa da Nupawa da Yarabawa da Ibo, Musulmi da Kirista. Haƙƙin maƙwabtaka bai ware kowa ba, kuma in na sama bai yashe tasa kwatar ba, ta na ƙasa aikin banza ce.

Na uku, a zaɓi matsala guda tak, wadda za a iya gamawa kafin ƙarshen damina. A rubuta ta a shafi ɗaya: ga wurin, ga tsawonsa, ga abin da za mu yi da kanmu, ga abin da muke nema daga hukuma. A kai wa mai unguwa da kansila da sakatariya, a karɓo kwafin da aka buga wa hatimi, a koma bibiya bayan mako biyu. Zuwa da kai ya fi aike.

Na huɗu, kuɗin jama'a amana ne. Kada su kwana a aljihun mutum ɗaya komai kirkinsa. A buɗe asusu mai sa hannun mutum uku, a liƙa lissafin shiga da fita a allon masallaci duk ƙarshen wata. Zargi shi ke kashe ƙungiya tun kafin talauci ya kashe ta.

Na biyar, a farfaɗo da aikin gayya irin wanda muka taso muka gani a ƙauyukanmu. Awa biyu bayan sallar asuba ranar Asabar, kafin a buɗe shago, kowa da shebur ɗinsa ko baro. Wanda ba zai iya fitowa ba ya turo yaronsa ko ya sayi koko da ƙosai. Abin da aka fitar daga kwata kuma kada a bar shi a bakinta, ruwan farko zai mayar da shi.

'Yan uwa, garin da ya ba mu wurin kasa kaya da wurin yin sallah yana da haƙƙi a kanmu. Duk mai son shiga wannan kwamiti ko ba da shawara ya tsaya bayan an idar da sallah ya ba da sunansa wajen ladan, mata kuma su bayar ta hannun malamarsu.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kare mu daga ambaliya da gobara da asara. Allah Ya yi wa shugabanninmu jagora, Ya sa tausayin talakawa a zukatansu, Ya ba mu ikon sauke namu nauyin. Allah Ya zaunar da Suleja da jihar Neja da Najeriya lafiya, Ya jiƙan iyayenmu da malamanmu. Amin.